Babur, keken ɗinki, rago ko injin ban-ruwa: wanne ƙungiyar gari za ta saya ma matasa?

Duk ƙungiyar ci gaban gari da ta ɗan tara kuɗi, ko karo-karon 'yan garin da ke Legas da Abuja ne, ko wani ɗan siyasa ne ya jefo wani abu, gardamar da ake yi a taro guda ce, mi za a saya ma matasa. Kuma abin da ake ambata bai wuce huɗu ba, babur, koyon sana'a da kayan aiki, kiwo, sai noman rani. Akwai masu cewa a raba kuɗin kawai kowa ya ja jari, wannan ba zan ɓata maku lokaci a kanshi ba, mun ga dubu goma-goma ta Tradermoni, bashin nan da gwamnatin tarayya ta raba ma ƙananan 'yan kasuwa. Yaron da gidansu babu hatsi ka miƙa mashi dubu ashirin ran Laraba, kafin Juma'a ta zama gero, kuma wallahi ba laifinshi ba ne.

Ina magana ne kan ƙauyukanmu na ƙasar Daura da arewacin Katsina, su Mai'adua, Zango, Baure, Sandamu, Dutsi, Mashi, Mani, Kaita, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, a yanke gero a roro wake a cire gyaɗa, shi ke nan sai zaman wata bakwai. Yaranmu manoma ne, sun iya aiki, aikin ne ke ƙarewa a Nuwamba, daga nan mai ƙarfi ya hau mota sai cirani, ga-ruwa, yankan farce, dako, acaɓa, wanda bai tafi ba yana gindin bedi da waya. Don haka ni da abu biyu nake auna kowane zaɓi: zai ba yaro aiki daga Nuwamba zuwa Mayu yana cikin garinsu? Kuma kuɗin zai dawo asusu a sake yi ma wani, ko ya tafi ke nan?

Babur shi ne abin da matasan da kansu za su fara nema, in ka ce a ɗaga hannu shi zai ci zaɓe. Kuma suna da hujja, ranar da ka karɓa ranar za ka fara samun kuɗi, babu koyo tunda kusan kowa ya iya tuƙi, sannan a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa babur ne motar asibiti, shi ke kai mai naƙuda cikin dare. To amma fasinjan ƙauye a ƙirge suke. In garin na da 'yan acaɓa goma sha biyar ka ƙaro goma, ba ka ƙaro ko mutum ɗaya mai hawa ba, cinikin mutum sha biyar ka raba ma ashirin da biyar, kowa ya koma gida da abin da bai kai ba. Ga mai. Kafin 29 ga Mayu 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, da aka cire tallafi cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuma mutumin ƙauye in kuɗin hawa ya yi mashi yawa tafiya zai yi da ƙafarshi ko ya ɗaura jaki, ba ya jin kunyar wannan.

Sai abin da kowa ya sani amma ba a faɗi a taro. Je ka wurin rabon babura ka tsaya bakin ƙofa maimakon ciki. A ciki ana jawabi ana ɗaukar hoto, a waje dillalai na jingine da mota da kuɗi a aljihu, yaro ya turo babur ko ledar kujera ba a cire ba, a ja shi gefe, minti goma an gama, ya sayar ƙasa da kuɗin shago don shi bashin aure ke wuyanshi ko rufin ɗaki. Wanda bai sayar ba kuma sau da yawa ɗora shi yake a tirela ya tafi birni da shi, wato kun saya mashi tikitin ciranin da kuke son hanawa, kuma can ɗin ma ba tabbas, Kano ta hana acaɓa tun 2013, Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, in aka kama murƙushewa ake. Na yankin Jibia, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari kuwa nasu ya fi haka, sabon babur a can abin da ɓarayin daji ke nema ne, kun tuna a 2021 har sayar da mai a jarka gwamnati ta hana saboda wannan. In dole sai an yi abin hawa, ni da za a ji tawa a sayi mai ƙafa uku na ɗaukar kaya guda ɗaya ko biyu, ya zama na ƙungiya, direba na kawo balas duk mako. Wannan akwai aikinshi, taki zuwa gona, buhu zuwa kasuwa, bulo, ruwa.

Koyon sana'a ya fi babur nesa ba kusa ba ta fuska ɗaya, abin da ya shiga kan yaro ba dillalin da zai saye shi, ba ɓarawon da zai ƙwace. Kuma jihar nan ba baƙuwar harkar ba ce, akwai ƙauyen koyon sana'o'in matasa a Katsina tun zamanin gwamna Shema, akwai NDE, hukumar samar da ayyukan yi ta tarayya, ga KASEDA, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa, shi kanshi daga shugabancin SMEDAN, irin wannan hukumar ta tarayya, ya fito. Inda ake faɗuwa wuri biyu ne, tsawon koyon da kuma zaɓen sana'ar. Horon sati biyu a ba ka satifiket da keke bai mai da kowa tela ba, tela sai ya yi shekara ɗaya ko biyu gaban ubangida, ya ɓata yadi an yi mashi faɗa, kafin wani ya yarda ya ba shi shaddarshi ta sallah. Irin wannan keken ƙarshenshi ɗaki ake kai shi a ɗora mashi kwanuka, ko ya bi hanyar babur. Haka horon kwana uku na haɗa sabulu da man shafawa, an yi shi an sake yi har ba adadi, ku duba shagon garinku ku gani ko sabulun wa ake sayarwa.

Sannan a tambayi kai, garin nan tela nawa zai iya ciyarwa? Ɗinki a ƙauye na sallah ƙarama ne da babba da lokacin bukukuwa bayan kaka, sauran watanni faci ne. Walda kuma wuta take so, ba wuta sai janareto, janareto sai mai, mun koma inda muka fito. Abin da na ga ƙauye na biya yanzu ba gardama shi ne wanda ya iya haɗa sola da gyaranta, wanda ya iya kwance injin ban-ruwa da injin niƙa ya mayar, mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, mai gyaran waya, birkila. Ku ƙirga famfunan da suka mutu a mazaɓarku, da yawansu abin da ya lalace ƙaramin abu ne, roba ce ta cinye ko sanda ta kwance, amma sai a jira wani daga Daura ko Katsina wata da watanni. Ga 'yan mata da matan aure lissafin daban ne, ɗinki ya karɓe su sosai don a cikin gida ake yi kuma mata sun fi son mace ta auna su, haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, injin taliya, injin markaɗe. Hanyar da ta fi arha kuma ta fi kamawa, a nemi gwanin da ke da shago a gari mafi kusa a biya shi ya ɗauki yara uku ko huɗu, a riƙa ba su kuɗin abinci, kayan aiki kuma sai ranar yaye, kada a ba da ranar farko. Illar wannan zaɓi dai a sani, yana ɗaukar lokaci, mutum kaɗan yake ɗauka, kuma wanda ya ƙware sosai akwai yiwuwar birni ya janye shi. Ba asara ba ce ga gidansu, amma asusunku ba lallai ya ga komi ba.

Kiwo iri biyu ne kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai na haihuwa, a ba mutum akuya biyu, cikin akuya wata biyar ne, jar akuyar nan tamu kuma ba ta rowar tagwaye, in ta haihu a yaye a karɓi 'ya'yan farko a miƙa ma na gaba a layi. Tsari ne mai kyau, kuɗinshi kaɗan ne, yana zagayawa da kanshi, amma gaskiya na mata ne. Uwa ko matar aure za ta riƙe akuya da ƙasari da dusar gidan, ta san ranar da ba ta ci ba. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ba zai zauna shekara guda yana jiran ɗan akuya ba, sayarwa zai yi ya yi kuɗin mota. Wanda ya dace da samari shi ne turka, a sayi rago ramamme mai ƙashi, Balami ko Uda, a ɗaure shi wata uku zuwa huɗu a fitar da layya, kuma Allah ya ba mu kasuwanni, Mai'adua ran Lahadi kaɗai ta isa misali, ga Mashi ga Charanchi.

Ribar turka a abinci take, ba a ragon ba. A 2025 layya ta faɗo farkon Yuni, a 2026 kuma ƙarshen Mayu, ke nan watannin ɗaurin sun faɗa tsakiyar bazara lokacin da harawa da kowar wake da dusa suka fi tsada, wanda bai tara harawa tun kaka ya ɗora a rumfa ba, sai ya tashi saye a Afrilu, ragon zai cinye ribarshi tun kafin ya je kasuwa. Sai cuta, akwai wadda ke kama awaki da tumaki da zawo da majina ta share garke cikin kwanaki, allurar rigakafinta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ake yi kuma ba ta da tsada, amma sai dabba ta kwanta ake neman malamin dabbobi. Farashi kuma ba a hannunmu yake ba duka, dabbobi da yawa daga Nijar suke shigowa, in sefa ta hau ko aka rufe iyaka kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, lissafi ya canza. Kajin gidan gona kuwa ku bar su, abincinsu saye ne daga farko har ƙarshe kuma zafin Maris da Afrilu na kashe su.

Noman rani shi ne nawa, in akwai ruwa. Wannan "in" ɗin fa babba ce. Garin da ke kusa da dam ɗin Sabke ko Daberam, ko Jibia, Ajiwa, Zobe ta Dutsin-Ma, ko yake da fadama da gulbin da ruwa ke kwance ƙarƙashin yashi, bai kamata ma a daɗe ana gardama ba. Dalili, shi kaɗai ne cikin huɗun nan ke kawo sabon arziki cikin gari maimakon raba wanda ke akwai, kuma ba a koya ma kowa komi daga farko, ɗan manomi ne aka ce ya ci gaba da noma. Kadada ɗaya ta kayan lambu tana cin hannu da yawa, masu yin fangali, masu dashe, masu ban-ruwa, mata masu tsinka, mai kwando, mai ɗaukar kaya, har mai rago ya samu ganye. Je ka lambu da sassafe cikin sanyin Janairu ka gani, inji na cikin rami an ɗura mashi ruwa an ja igiya, mesa ta kumbura, yaro ɗaya na tsaye da fartanya wandonshi a naɗe, ya buɗe bakin fangali ya jira ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba, haka har rana ta take. Wannan yaron ba shi da lokacin zuwa tasha.

Ramin nan da ake saka inji ba ado ba ne. Injin fetur na sama ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita bakwai zuwa takwas komi ƙarfinshi, shi ya sa ake gina rami a sauke shi ya matsa kusa da ruwan. In ruwan garinku ya wuce haka nisa to maganar ta koma ta burtsatse da sumo, injin da ake zurawa cikin ruwan, kuɗin kuma ya ninka ba sau ɗaya ba, nan ne ƙungiyoyi ke ƙona dukiya, a sayo injuna goma a zo a tarar ba abin da za su ja. Tsakanin injunan ma akwai zaɓi. Na fetur ya fi arhar saye, kowane bakanike ya san shi, amma tun 2023 mai ne ke cinye manomi, shi ya sa da yawa suka juya nasu zuwa tukunyar gas, ya fi sauƙi in akwai wurin ɗuri kusa. Na sola tsadarshi rana ɗaya ce, bayan nan ba ka sayen komi, sai dai yana aiki ne daga hantsi zuwa la'asar, in hazo ya yi kauri ƙarfinshi na raguwa, sai ana goge ƙura, kuma fanel abin sata ne, ko a yi mai gadi ko a riƙa kwashewa gida kullum. Ga mutum ɗaya sola ta yi nauyi, ga ƙungiyar da za ta haɗa yara biyar kan inji ɗaya ita ce daidai.

Abu uku ke kashe noman rani na ƙungiya kuma ba ruwansu da inji. Na farko fili. In aro ne ko haya a rubuta, shekara nawa, gaban mai gari da shaidu, don mai gona in ya ga an haƙa rijiya an zuba taki ƙasa ta yi baƙi, baɗi zai ce ɗanshi zai noma. Na biyu a kashe kuɗin duka kan inji a manta iri da taki da magani da shinge, alhali da rani dabbobi a sake suke, dare ɗaya awaki suka shiga an gama. Na uku kowa ya dasa tumatir. Tumatir in ya yi kuɗi yana yi, amma duk arewa tare take tsinka a Fabrairu da Maris, kwando ya faɗi har wani lokacin bai biya kuɗin mota ba, sai dai a yanka a shanya kauɗa, ga tsutsar nan sharon da ta share gonaki a 2016 kuma ba ta tafi ba. 'Yan Ɗanja da suka daɗe a harkar sun san wannan. Gara a raba, albasa tana ajiyuwa a jira farashi, tattasai da attaruhu ana busarwa, latas da alayyafo da kabeji na kawo kuɗin cefane da wuri don yaran su samu abin riƙewa kafin babban girbi, masara ɗanya ma tana da kasuwa. Alkama sanyi take so, in ba a shuka ba daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba a haƙura da ita.

Duk wanda kuka zaɓa cikin huɗun, yadda aka ba da shi ya kusa fin abin da aka bayar muhimmanci. Mun ga shirin bashin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, bashi ne a takarda, amma mutane da yawa suka ɗauke shi rabonsu na gwamnati, aka yi ta fama wajen karɓowa. Kuɗin ƙungiya in aka yi rabonshi da kiɗa da rumfa da hoto haka za a ɗauke shi. Kayan su zama na ƙungiya har sai an gama biya, kowane yaro ya zo da mahaifinshi ko kawunshi ya tsaya mashi gaban liman da mai unguwa, biya kuma a ɗora shi kan lokacin da kuɗi ke shigowa, mai lambu ranar girbi ko da da buhun albasa ne, mai rago bayan layya, kada a ce duk wata. Littafin asusu a karanta shi a fili bayan sallar Juma'a. Sannan don Allah zagayen farko kada ɗan shugaba ko ƙanen ma'aji ya shiga, ko da ya cancanta, ya jira na biyu.

To a taƙaice ga yadda zan raba. Gari mai ruwa kusa, mafi yawan kuɗin ya tafi noman rani, a bar kaso mai kauri na taki da iri da shinge, a tura yaro ɗaya ko biyu su koyi gyaran inji da sola don lambun kanshi zai ba su aiki. Garin tudu da rijiyarshi ke da gaba ashirin, a yi turka ga samari, akuya ga mata, da sana'a biyu ko uku da aka tabbatar garin na nema, maganar burtsatse ko ƙaramin dam kuma ta fi ƙarfin karo-karo, a rubuta a kai ta ofishin shirin ci gaban al'umma da gwamnatin jiha ta buɗe a mazaɓu 361, a yi ta bibiya. Garin da ke fama da ɓarayi, rago da babur duk kiran ɓarawo ne, sana'ar hannu ta fi, ita ce mutum zai gudu da ita in ta ɓaci.

Lokaci ma a duba shi. Kuɗin da ya shigo hannu a Janairu ya makara ga lambun bana, ba a fafe gora ranar tafiya, gara a sa shi a turka ko a ajiye a fara shirin fili. Kuma kafin a biya kuɗin inji ko ɗaya, a samu igiya a ɗaura dutse a auna rijiyoyin fadamar a watan Afrilu ko Mayu lokacin da ruwa ya fi ja baya, don awon Oktoba ruɗi ne, lokacin ko'ina ruwa ne.